Ƙamshin Da Bai Dawo Ba

Ranar Talata da hantsi aka karya mini hanci, a bayan ɗakin ajiyar kwalabe, da zoben azurfa. Shekara ashirin da shida ke nan. A lokacin ina aiki a gidan haɗa turare na mahaifin matar da nake so, wadda daga baya na aura, wadda yau ta cika wata bakwai a ƙasa.

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda muka fara kallon juna ba. Muna son juna, kowa a gidan ya sani, kuma ban da mu biyu babu mai so.

Baba, mai gidan, tsoho ne da duniya ta yarda da hancinsa. Sunan gidan gaba ɗaya ya tsaya ne a kan turare guda, na bayolet, wani ɗan ƙaramin fure mai launin shunayya da babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu sai a jikin takardar kwalba. Shekara talatin dillali ɗaya ke kawo masa man furen, a baƙar kwalba mai hatimin jan kaki. Baba yakan kulle ta a akwatin ƙarfe, mabuɗin yana rataye a wuyansa.

"Na asali ne," in ji shi ga duk wanda ya tsaya saurare. "Shaƙa sau uku. Ka ji ya ɓace? To jira. Ka ji ya dawo? Kunya gare shi. Na jabu ba shi da kunya."

Ɗan wannan dillali shi ne Mai Zobe. Zobba huɗu ne a hannunsa na dama, shi ya sa sunan ya bi shi. Shi Baba ya zaɓa wa 'yarsa, don man da gidan su zama abu ɗaya.

Ita kuwa 'yar tasa, Auta, shekararta ashirin da takwas, ta riga ta kori manema biyar da bakinta kawai. Aikinta cika kwalabe da manna musu takarda. Hancinta ya fi na ubanta, amma bai taɓa tambayarta komai ba sai ko murfi ya ƙare.

Ni ana ce mini Malam Takarda, saboda lokacin cin abinci littafi nake buɗewa. Ba yabo ba ne.

A littafin ne na karanta abin da ya jawo mini. Furen bayolet rowa gare shi: sai an tara tulinsa kamar tsauni kafin a samu cokali ɗaya na mai, don haka tuni masu sana'a suka daina wahalar da kansu. Abin da ake tatsa daga shukar a yau daga ganye ne, kore shar, mai kauri, ƙamshinsa kamar ciyawar da aka yanka yanzu da kokwamba. Shi kuwa wannan ƙamshi mai zaƙi da duniya ke kira bayolet, wani sinadari ne, ayonon, da ake dafawa a masana'anta daga man ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ruwan goge farce. Ɓacewa da dawowar da Baba ke kira kunya, ba kunya ba ce. Sinadarin ne yake sumar da hanci na ɗan lokaci, ko daga fure ya fito ko daga tukunya.

Wata biyu na riƙe wannan a cikina. Ranar Asabar na kasa.

Mai Zobe ya kawo sabuwar kwalba, ya same ni ina wanke kofunan awo. Baba yana nan, Auta tana nan, yayanta ma yana nan.

"Malam Takarda, a hankali kada ka fasa," in ji shi. "Ashe duk karatun nan wanke-wanke ya kai ka? In mun yi aure zan riƙe ka, kada ka damu. Amarya za ta buƙaci mai wanke mata kwanoni."

Yaya ya bushe da dariya. Na ajiye kofin.

"Na gode. Amma kafin nan, wace gona ce ake tsinkar muku furen?"

"Ina ruwanka?"

"Ba ruwana. Na ga dai a shagon masu sabulu ana sayar da ƙanin man nan a jarka. Uwa ɗaya uba ɗaya. Naku an ɗan sa masa launi ne aka yi masa hatimi."

Na ɗauka gaskiya tana kare mai faɗinta. Wannan kuskure ne na masu yawan karatu.

Baba ya miƙe. Ya ɗauki kofin awo na gilashi ya wurgo mini. Ya wuce kunnena ya tarwatse a bango.

"A gidana? Hancina kake zagi a gidana?"

"Baba, ba kai na..."

"Ni ba ubanka ba ne! Alhamis. Na ba ka zuwa Alhamis. Ka zo nan ka nuna mini, a gaban kowa. In ka kasa, ka kwashe takardunka, kada in sake ganin ƙafarka ko a bakin titi. Ke kuma," ya juya wajen Auta, "Juma'a zan ba su Mai Zobe ranar aurenki."

Mai Zobe bai yi dariya ba. Yana tsaye yana juya zoben babban yatsansa, yana kallona kamar mai auna yadi.

*

Washegari da rana Auta ta same ni a ɗakin cika kwalabe. Leɓenta na ƙasa a fashe yake.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ƙofa."

"Ƙofar tana da suna?"

"Yaya ne." Ta zauna a kan kwali, hawaye suka zubo, ta bar su. "Ya ce in je in durƙusa wa Baba in ce na bar ka. Na ce masa gwiwata tana ciwo. Shi ke nan ya nemo mini ciwon baki in haɗa."

"Zan je in same shi."

"Ka je ka yi masa me? Ka karanta masa shafi na nawa?" Ta share hanci da bakin mayafi. "Kai dai ba ka iya shiru ba. Wata biyu ka yi shiru, sai ranar da aka ce maka mai wanke kwano. Ba don ni ka yi maganar nan ba, don kanka ka yi."

Ban musa ba.

"Umma ta ce in na bi ka ba ta yafe mini nononta ba. Tun safe take kwance ta juya wa bango fuska. Baba bai ci abinci ba. Duk gidan kallona ake kamar ni na sa wa man launi." Ta kama hannun rigata ta murɗe. "Gaya mini gaskiya. Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Ni ma na sani," in ji ta a hankali. "Tun ina 'yar shekara sha biyar. Ranar da na shiga shagon masu sabulu na ji turaren gidanmu yana fitowa daga jarka. Na dawo na yi amai. Ban gaya wa kowa ba."

"Me ya hana ki?"

"Ubana ne. Kai kana da littafi, shi hancin nan kaɗai gare shi." Ta miƙe. "Ka nuna masa, tunda ka fara. Amma wallahi in ka kasa, ba zan auri mai zobban nan ba, kuma kai ma ba zan yafe maka ba. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Kuma ka daina bi ta bayan ɗakin ajiya."

Wannan ce kaɗai shawarar da ta taɓa ba ni ban ɗauka ba.

*

Lungu ne siriri, bango ta dama, tulin akwatunan kwalabe ta hagu. Ranar Talata na shiga da kwali a kafaɗa. Mai Zobe yana zaune a kan akwati a gaba. Da na waiwaya, Yaya ya tare bayana.

"Ajiye kwalin, Malam, kada ya fashe," in ji Mai Zobe. "Kayan surukina ne."

Na ajiye.

"Ubana ya gina gida da man nan. Ya aurar da yayyena da man nan. Kai wane ne? Alhamis za ka zo ka ce ka yi kuskure, ka nemi gafara."

"Ko da na ce haka, man ba zai zama fure ba."

Har yau ina mamakin bakina.

Yaya ya riƙe hannuwana ta baya. Na farko a ciki ya sauka, numfashina ya tsaya. Na biyu a haƙarƙari, na ji wani abu ya ce ƙas. Na durƙushe, Yaya ya ɗago ni da gashi.

"Ba a fuska ba," in ji Yaya. "Ka ce ba a fuska ba."

"Da me yake taƙama? Ba da wannan ba?"

Ya ja hannu baya, na ga hasken rana a kan zobban guda huɗu. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen kara ce, a cikin kaina. Yaya ya sake ni don tsoro. Na tafi da baya, ƙeyata ta daki bakin siminti, akwati ya biyo ni, kwalabe suka zubo mini suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Mai Zobe ya ƙara mini takalmi biyu a gefe, ya goge zobbansa da rigata, ya tafi a hankali kamar wanda ya fito daga aski.

Ƙarar kwalaben ce ta kawo Auta.

Ta durƙusa cikin fasassun gilashi, ta ɗora kaina a cinyarta, ta danna mayafinta a fuskata. Jini yana gangara mini cikin maƙogwaro. Mayafin nan kullum a jiƙe yake da bayolet, aikinta ke nan.

"Kada ka rufe ido! Kalle ni! Kana jin ƙamshin? Shaƙa, don Allah shaƙa!"

Na shaƙa. Na ji shi, ta cikin jinin: zaƙi, sanyi, kamar hoda, kamar itace bayan ruwan sama. Na shaƙa na biyu, ya ragu. Na uku, babu.

"Ya tafi," na ce.

Ta yi dariya tana kuka. "To ai halinsa ke nan, Malam Takarda. Kai ka koya mini. Jira, zai dawo."

*

Likita ya gyara ƙashin, ya naɗe mini fuska. Ranar Laraba da safe, da Auta ta fita sayo magani, ya zare audugar ya kawo kwalbar sifirit dab da hancina. Idona ya yi ruwa, amma ban ji komai ba. Ya kawo garin kofi. Ya kawo bawon lemo.

"Kumburi ne?" na tambaya.

"Wataƙila. Amma ƙeyarka ta bugu sosai. Akwai wasu siraran jijiyoyi da ke ratsa ƙashi daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa, sun fi zare siranta. In kai ya girgiza da ƙarfi sukan tsinke. Wani ya warke, wani bai warke ba. Mene ne aikinka?"

Na gaya masa. Ya daɗe yana rubutu a kan takardar da ba ta buƙatar rubutu.

Auta ta dawo ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce kumburi ne."

*

Alhamis da ƙarfe goma muka taru a ɗakin haɗi. Baba a kujerarsa, baƙar kwalbar a gabansa. Mai Zobe ya jingina da tebur. Yaya yana bakin ƙofa, ya kasa ɗaga kai. Auta tana tsaye bayan ubanta.

Baba ya dubi fuskata. "Me ya same ka?"

"Akwati ne ya faɗo mini."

Ya dubi ɗansa, ya dubi hannun Mai Zobe, bai ƙara tambaya ba.

"Da wannan hancin za ka gwada?" in ji Mai Zobe. "Ko a kira wani ya shaƙa maka?"

"A kawo mini ƙanƙara a kwano."

Na jera kofuna uku, na zuba sifirit a kowanne. A na farko na ɗiga man ganyen bayolet na gaske, ɗan kaɗan da wani tsohon malamina ya taɓa ba ni. A na biyu, na jarkar masu sabulu. A na uku, Baba da kansa ya ɗiga nasa. Na nutsa su cikin ƙanƙara.

"Duk abin da aka tatso daga shuka yana zuwa da kakinsa," na ce. "Shuka ba ta ba da ƙamshi tsirara. In sanyi ya kama shi, kakin zai fito. Abin da aka dafa a tukunya ba shi da abin fitarwa."

Muka jira. Ba a jin komai sai ƙanƙara tana tsagewa.

Kofi na farko ya fara yin hazo, fari-fari, kamar an ɗiga masa madara. Na biyu garau. Na uku garau. Baba ya ciro su, ya ɗaga su wajen taga, ya daɗe. Sannan ya yi abin da bai taɓa yarda ya yi ba cikin shekara talatin: ya shaƙi nasa, ya jira, ya shaƙi na masu sabulu.

Na ga tsufa ya sauko masa a fuska lokaci ɗaya.

"Sihiri ne!" Mai Zobe ya daka tsawa. "Ya sa wani abu a ƙanƙarar! Baba, wannan ɗan..."

Ya yo kaina, hannun a dunƙule, wajen bandejin ya nufa. Bai iso ba. Auta ta sure baƙar kwalbar da hannu biyu ta sauke masa a kan yatsun, a bakin tebur. Kwalbar ta tarwatse. Ya yi ƙara irin wadda ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya durƙushe yana riƙe da hannu, jini da mai suna zuba tare. Daga baya sai da aka yanke zobba biyu da zarto kafin a ɗinke shi.

"Wannan na hancin ne," in ji ta. "Na haƙarƙarin na bar ka da Allah."

Man ya malale a ƙasa, kwalba guda cur. Baba ya kama tari. Yaya ya ruga ya buɗe taga. Idon Auta ya yi ja, ta toshe hanci da mayafi. Ɗakin ya cika da ƙamshin da ya isa ya kayar da doki.

Ni ina tsaye a tsakiyarsu kamar a cikin ruwan sha.

Sai da na ga kowa ya rufe fuska, sannan na tuna, na ɗaga hannu na rufe tawa, na ƙirƙiro tari.

Da aka fitar da Mai Zobe, Baba ya kira ni da yatsa. Muryarsa ta dushe.

"Ƙanƙara wasan yara ce. Ba ita nake tambaya ba. Tun farko, me ya gaya maka? Takarda, ko hanci?"

Auta tana kallona ta saman mayafi.

"Hanci," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya cire mabuɗin daga wuyansa ya ajiye a gabana.

"Shekara talatin hancina bai gane ba. Da ka ce takarda, da na sallame ka da godiya, don gidan turare ba a barin sa a hannun mai karatu. Ka ji da kyau: ba kai na ba 'yata ba. Hancin nan na ba. Ka kula da shi ya warke."

*

Bai warke ba.

Shekara ashirin da biyar na riƙe gidan. Aka ce na fi Baba. Ga yadda na yi: nakan rubuta awo daga abin da na tuna da abin da na karanta, in haɗa, in tsoma siririyar takarda in kai hancina, in ɗaure fuska kamar mai tunani, sannan in miƙa wa Auta.

"Gwada ki gani, ko kin fara koyo. Me ya rage?"

"Ya yi zaƙi da yawa. Yana son ganye."

"Madalla. Abin da nake jira ki ce ke nan."

Duk turaren da ya fita da sunan gidan nan nata ne. Ni na karɓi gaisuwar. Da Baba ya rasu na ce zan gaya mata bayan arba'in. Sai na ce in an yaye 'yarmu. Sai na ce in an aurar da ita. Mutum ba ya rasa ranar da ta fi yau dacewa.

Ita kuwa kowace safiya, kafin in fita, takan ɗiga bayolet a bayan kunnenta, ta matso.

"Na ranar ne. Ka tuna? Ya dawo?"

"Ya dawo," nakan ce.

A asibiti, ranar ƙarshe, da la'asar, ta sa 'yarmu ta kawo kwalbar daga gida. Hannunta ba ya iya buɗe murfi. Ni na buɗe, ni na ɗiga mata. Ta ce wa yarinyar ta ba mu wuri. Ta jawo kaina da ɗan ƙarfin da ya rage mata har hancina ya taɓa wuyanta.

"Warin magani ya ishe ka, na sani. Shaƙa wannan. Ka ji?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ga yadda take jira.

"Na ji."

"To," in ji ta, ta rufe ido. Ba ta sake magana da ni ba.

Mayafin yana nan a akwatin ƙarfen Baba, da tabon jinina a jiki. 'Yarmu ta ce har yanzu yana ƙamshinta, in ta buɗe sai ta yi kuka. Ni nakan buɗe in ga ƙyalle.

Abin da zan ce ba shi da tsawo, da numfashi ɗaya ya isa. Auta, sau biyu kacal na shaƙi ƙamshinki bayan an fasa mini fuska, a lungun nan, cikin jini. Kin ce in jira zai dawo. Tun ranar nake jira.